Sunan da Ba Na Faɗa

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma abin da ya shiga kunnena sau ɗaya ya zauna ke nan. 'Yan garinmu mazauna Jidda suna da zaure a imel. Mutum ɗaya ya aika saƙo, kowa ya samu: haihuwa, rasuwa, wa zai sauka umra, a wane jirgi. Ɗana na fari ya sa ni ciki kafin ya koma gida, 'yata ke karanta mini.

Wata shekara na ji ƙishin-ƙishin ƙanwata za ta zo umra. Rabona da ita tun tana goyon fari. Ranar saukarta kuwa a zauren za a faɗa, ga shi saƙo ya daina zuwa mana. Akwatin da ɗana ya buɗe an rufe shi. 'Yata ta aika tambaya daga nata, na'ura ta maido, wai ba ta san mu ba. Ni, da na riga rabinsu zuwa unguwarmu ta Kurayyat!

Muka kira mai kula da zauren, ɗan garinmu da ke aikin sito a tashar jiragen ruwa.

Ya ce, "Hajiya, abu mai sauƙi. Faɗa mini tsohon adireshin, in cire shi in sa sabo."

Adireshin na nan a kaina tsaf. To amma da sunan ɗan fari ya fara, ni kuwa bakina bai taɓa furta shi ba.

Na ce, "Sunan wancan ne."

"Wane wancan? 'Ya'yanki maza uku, duk suna ciki."

"Kai ɗan nan, ka san wanda nake nufi!"

Ya kwashe da dariya. 'Yata ta ce, "Yalla ya ummi, faɗa kawai, nan Jidda ce."

Na ce ko a Madina ne. Ta kira sunan yayanta, na gyaɗa kai, sannan na zuba lambobin da ke biye daki-daki, ban yi tuntuɓe ba.

Ya ce, "Halas, shi ke nan, na gan shi! Saƙon tabbatarwa zai zo akwatin 'yarki, ku amsa shi."

Ta amsa. Sai ga sanarwa ta faɗo: jirgin su ƙanwata gobe da hantsi! Na rangaɗa guɗa har maƙwabciyata ta leƙo babu mayafi. Nan take na jiƙa shinkafar waina, na aika a nemo mana mota.