Kawu Mani da Ruwan Cizon Ƙarfe

Ku da kuka san Kawu Mani mai fenti a Bagudo, kun san ba ya gaisawa da mutum sai ya gama da ƙarfensa. Ka kawo keke ko inji, zai zaro 'yar wuƙarsa ya karce, ya shinshina, sa'an nan ya tambaye ka mutanen gida. Bai yarda da kowa ba, balle ƙarfe mai sheƙi. Wai duk abin da ya cika santsi akwai abin da yake ɓoyewa.

Yana da wani gwangwani mai warin tsami da yake kira ruwan cizo. Shi ake fara shafa wa sabon ƙarfe tsirara, kaɗan kawai, ya cije shi don fenti ya sami wurin kamawa. Ba ya sa shi a kan tsatsa ko tsohon fenti. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ya miƙo mini gwangwanin in karanta. Na ce Turanci ne, ba a koya mana ba.

Ya ce, "Madalla. Da ka karanta, da na san ƙarya kake."

Ana gab da bikin 'yancin kai, na sayo wa injin niƙana sabon mazubin hatsi daga Dahome, farin ƙarfe irin na kwanon rufi. Ina so ya fito kore da fari. Kawu ya karce, ya ce sai an wanke maiƙo, a sa ruwan cizo, a jira laima ta ɗauke. Bayan biki ke nan. Sai na lallaɓa kasuwar Lolo, wani baƙo ya fente mini shi ciki da waje kafin azahar.

Sati bai cika ba fenti ya fara zuba cikin garin da ake niƙawa. Mata suka yi ta tsintar kore a tuwo, suka koma turmi, inji ya kwanta.

Kawu ya zo, ya sa farce ya ɓare fentin kamar bawon albasa.

"Ɗan nan, wa ya yi maka wanga aiki?"

Na ce ni na yi da kaina.

"Kai ma ƙarya, ƙarhen ma ƙarya."

Ya kankare shi tas, ya shafa ruwan cizo a waje, ya yi fenti, ya bar ciki ba komai. Sa'an nan ya sa aka niƙa dawarsa, aka tuƙa, ya zauna ƙofar shago ya ci a gaban jama'a, bayan ya shinshina. Mata suka ce in Mani ya yarda da abu, magana ta ƙare. Suka dawo.

Fentin nan har yau bai ɗaga ba. Allah ya jiƙan Kawu, kada a karce shi yadda ya karce mu, ya lulluɓe shi da rahamar da ba ta ɓarewa.