Rufin Masallacin Paki

Maigidana Malam Inuwa, Allah ya jiƙansa, kafintan rufi ne. Shekara talatin yana ɗora kwano daga Paki har Gubuchi, ba a taɓa kiransa gyaran abin da ya kafa ba.

A ƙasa yake haɗa katakonsa kafin a hau da shi. Daga bakin murhu nake kallo. Zai shimfiɗa biyu masu tsawo ɗaya su haɗa kai a sama, na uku ya kwanta musu a gindi. Yakan ce tunda biyun nan tsawonsu ɗaya, kusurwoyin gindi ma ɗaya ne, ka auna ta dama ka san ta hagu, abin da ya rage na saman ne. 'Yarmu Rashida ta ce haka yake a littafinsu na lissafi. Ya yi dariya, ya ce to littafin ya yi gaskiya.

Da idonsa ya fara hazo, mutum ɗaya ya gaya wa, Ukasha, abokin aikinsa tun suna samari. Ukasha ke karanta masa lambar awo, shi yana yanka. Shekara biyu babu wanda ya gane.

Sai aka tashi rufa sabon masallacin unguwarmu. Malam ya daɗe yana burin aikin nan. Dattawa sun riga sun ambaci sunansa, Ukasha ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wai yana tsoron kada makaho ya faɗo musu daga sama. Aka ba Ukasha aikin. A bakin mai shayi Malam ya ji. Ranar ya dawo ya zauna, tuwonsa ya huce a gabansa.

Bayan sati sai ga Ukasha da sallama. Masallacin ya fi faɗin abin da ya saba, katakon sama ya ƙi haɗuwa. Ina ɗaki ina addu'ar Malam ya kore shi.

Amma Malam bai kore shi ba. Can ya ce, "Ɗakin Allah ne. Kawo awon gindin."

Ya lissafa masa da ka, Ukasha ya tafi. Daga ranar, sallama kaɗai ke haɗa su.

Da Malam ya rasu bara, Ukasha ya zo ta'aziyya, yana ta faɗin zamansu na amana. Na amsa masa gaisuwa daga bayan labule. Yafiya kuwa, har yau ina roƙon Allah ya ba ni ikonta.