Dutsen niƙan Inna da ƙodarta

Ɗazu ina share bayan ɗaki a gidanmu na Bolari, sai na ci karo da dutsen niƙan Inna. Na tsuguna a gabansa ina shafa shi.

Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, injin niƙa ya iso unguwarmu, amma Inna ta ƙi rabuwa da dutsenta. In ya yi santsi ya daina cin hatsi, da kanta take ƙoda shi, tana dukansa da ƙarfe har ya yi kaushi.

A lokacin aka yi mata aikin ciwon daji a nono. Tana asibiti ana koya mata ɗaga hannu, sai ƙafafunta suka kumbura, fitsari ya ragu. Ni ce mai jinyarta.

Likita ya ce, "Mama, magunguna sun yi wa ƙodarki nauyi, ta gaji."

Inna ta ce, "Ɗana, dutse in ya gaji ƙoda shi ake yi. To ita ƙodar, da me ake ƙoda ta?"

Ya yi murmushi. "Da lallashi, Mama. Za mu rage magani, ke kuma ki bar gishiri da kanwa, ki huta."

Ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce, "Ashe akwai abin da ake gyarawa ba da duka ba."

Ta dawo gida da ƙafarta. Mu 'ya'yanta da muka sha dukanta mun shaida, ko tsawa ba ta ƙara yi mana ba. Allah ya jiƙan Inna.

Ku fa, wace magana mai jinyarku ko majinyacinku ya faɗa da har yau take muku amo a kunne?