Agogon da Aka Ciro daga Rijiya

Cikin duk shekarun da na yi ina gyaran agogo a bakin kasuwar Daura, ranar da ba ta taɓa barin raina ba ita ce wata Litinin ta bazara, da Sabi'u ya ajiye mini agogon yayansa a kan teburi. Ku da kuka taso a gyaran waya da canjin batir, ku ɗan saurara, don abin da zan faɗa ba a cikin waya yake faruwa ba.

Sai na fara gaya muku irin agogon. A 'yan shekarun nan wani ɗan kasuwa daga Mai'adua ya riƙa kawo mana agogunan Rasha masu araha, waɗanda aka ƙera don masu nutso a teku. Gilashinsu a kumbure, jikinsu da nauyi, wasu da hoton ɗan nutso a fuska, wasu da jirgin ruwa. Na sha yi wa masu saye tsiya, in ce kai da ko a kududdufi ba ka iya iyo ba, ina kai ina agogon teku? Amma agoguna ne masu taurin rai. Ba su da batir. A ciki akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin faifai, duk motsin da hannunka ya yi sai ya juya ya ɗaure sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke tafiyar da agogon. In ka cire ka ajiye, zai yi kwana ɗaya da 'yan awoyi yana tafiya, daga nan ya yi shiru. Kunnen da ake saita lokaci da shi kuwa murɗe shi ake yi ya kulle gam don kada ruwa ya shiga, in ka kwance sai ya riƙa lilo, wanda bai sani ba ya ce ya karye.

Hamisu mai haƙar rijiya ne, daga wani ƙauye a ƙasar Zango, kuma shi kaɗai ne cikin masu sayen ban yi wa tsiya ba. Ya ce agogo uku laka ta kashe masa. Ni na saita masa wannan da hannuna, na kulle kunnen, na ce kada ya taɓa, ya dai riƙa ɗaurawa. Ya yi dariya ya ce in dai motsi ne abincinsa, to a hannunsa ba zai kwana da yunwa ba.

Sabi'u ƙanensa ne, manomi, mutum mai sanyin magana. Da ya zauna a benci ya ce, "Baba, Yaya Hamisu ya rasu. Rijiya ta rufta da shi."

Na yi masa ta'aziyya, ya ba ni labari. Ranar Lahadin makon da ya wuce Hamisu yana ƙasa yana jera zoben siminti a wata sabuwar rijiya a bayan gidansu, sai yashi ya zubo ya rufe shi. Mutanen gari suka yi ta haƙa da hannu, yashi yana ta komawa, har ya kusa binne mutum biyu. Ran Litinin da yamma suka yi abin da aka saba yi a wurinsu: aka zura dogon bututu, aka sa kowa ya yi tsit, aka kira sunansa sau uku. Ba amsa. Mahaifinsu tsoho ne, yana kwance ba lafiya, don haka Sabi'u ne ya ce a dakata, kada a ƙara rasa wani rai, a jira motar haƙa. Aka shimfiɗa tabarmi aka fara karɓar gaisuwa. Tsohon bai jure ba, ran Laraba da asuba shi ma ya cika. Mota ba ta iso ba sai Juma'a, aka sami Hamisu a ɗan wani lungu da zobe ɗaya ya karkace ya tokare.

"Baba, ka san ikon Allah," in ji Sabi'u, "gawar nan ko wari ba ta yi ba. Kamar mai barci. Duk gari ana cewa baiwa ce, mutuwar shahada ya yi. Har agogonsa ma bai tsaya ba. Na duba wayata a bakin ramin, lokaci daidai."

Ya ce so yake in wanke agogon ya ba wa babban ɗan marigayin. Liman zai raba gadon tsoho ran Juma'a mai zuwa, kuma tunda Hamisu ya riga mahaifinsu rasuwa, 'ya'yansa uku ba su da kaso a gona. Haka hukuncin yake: in ɗa ya mutu kafin uba, alhali akwai wani ɗa namiji a raye, jikoki ba sa gado. Gonar da Hamisu yake ci da iyalinsa da ita za ta koma hannun Sabi'u da 'yan'uwansa mata. Ya ce aƙalla yaron ya sami abin tunawa da ubansa.

Na ɗauki agogon na kara a kunne. Yana tafiya, cak-cak-cak, da sauri irin nasu. Nan take wani zargi ya faɗo mini a rai.

A aikinmu ba a yanke magana sai an bincika. Na sa gilashin ido na duba kunnen. Jar laka ta bushe a kansa ta haɗe da jikin agogon, ba tsaga ko ɗaya. Ba wanda ya kwance shi, ke nan ba wanda ya gyara lokaci. Na tambayi Sabi'u ko wani ya taɓa, ya ce tun da ya cire daga hannun yayansa yake ɗaure a nasa. Na duba 'yar tagar kwanan wata, daidai. Agogon da ya tsaya, in ka girgiza shi zai tashi, amma daga inda ya tsaya zai ci gaba, lokacinsa ba zai zo daidai ba. Wannan bai taɓa tsayawa ba. Na ga kuma gilashin ya karce ta gefe ɗaya, sabon karcewa, irin na hannun da ya daɗe yana gogar siminti.

Na daɗe ina jujjuya shi, ina neman wata hanyar da lissafin zai ɓulle, ban samu ba. In na yi shiru, marayu uku sun rasa gona. In na yi magana, na ɗora wa bawan Allahn nan kayan da zai mutu da su a ka. Raina ya ɓaci, har na ji haushin ɗan Mai'aduan da ya kawo mana agogunan.

Na ce, "Sabi'u, agogon nan ba shi da batir. Motsin hannu yake ci."

Ya ce, "To."

Na ce, "In hannu ya daina motsi, kwana ɗaya da kaɗan yake yi ya tsaya. Kai kuma ran Juma'a ka same shi yana tafiya."

Ya dube ni. Na ga leɓɓansa suna motsi, yana ƙirga kwanakin baya. Juma'a, Alhamis. Da ya iso inda zai iso sai ya dafa teburin da hannu biyu.

"Baba, hannunsa yana motsi har ran Alhamis?"

Na ce, "Aƙalla. Kuma ba ɗan motsi ba."

Bai yi kuka ba. Ya ce a hankali, "Shi ya sa farcensa duk suka kakkarye. Mu muka ce faɗuwa ce." Sannan ya ce, "Ashe ya riga ya zama maraya a can ƙasa bai sani ba."

Na ɗauka zai karɓi agogonsa ya tafi, ba zan ƙara ganinsa ba sai a lahira. Ba wanda ya ji mu, kuma gonar tasa ce in ya kama bakinsa. Sai ya ce in shirya ran Juma'a zai turo mai babur.

Na je. A zauren Liman, bayan an sauko daga masallaci, na yi bayani kamar yadda na yi muku, na nuna lakar da ke kan kunnen, don ban wanke ba. Liman ya ce shi bai san agogo ba, kuma ba zai gina hukunci a kan ƙarfe ba. Sabi'u ya ce, "Allah gafarta Malam, ba sai an gina a kan ƙarfe ba. Ni na ce a daina haƙa, ni kuma nake cewa Yaya ya rayu bayan Baba. A fitar masa da kasonsa." 'Yan'uwansa mata suka aiko daga cikin gida cewa sun yarda. Aka raba gadon har da Hamisu, kasonsa ya faɗa wa matarsa da 'ya'yansa. Daga ranar ba wanda ya sake maganar baiwa a garin.

Abin da na koya shi ne, mai gyara ba ya zaɓar abin da zai gani in ya sa gilashi a ido, kuma in ya gani, mai kaya yana da haƙƙin ya ji, ko da daɗi ko ba daɗi. Amma saninmu yana da iyaka, kuma ranar na ga iyakar nawa.

Da Sabi'u ya rako ni wajen babur, muka bi ta ƙofar gidansu. Ya nuna mini gindin darbejiyar da suka shimfiɗa tabarmin makoki, ya nuna mini ramin, ga shi nan bayan danga, ko jifa ba a kai ba.

Ya ce, "Baba, nan muka zauna kwana uku, ana addu'a, ana kiran sunansa, ana rabon gumba. Kana ganin yana jin mu?"

Na ce masa wannan kam, agogo bai nuna ba.