Baba Magini da Bangon Tagwayen Benaye

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum kafin masu shago su buɗe, Baba Magini ya riga ya zagaya Tagwaye. Haka muke kiran tsofaffin benayen nan biyu na layinmu, masu dogayen tagogi da barandar ƙarfe iri ɗaya, waɗanda hukuma ta sa cikin gine-ginen tarihi. Bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma shi ke ɗauke da katakon rufin duka biyun. Baba yakan bi shi yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunne a manne, kamar mai zaɓen kankana. Mun sha yi masa dariya, Allah ya yafe mana.

Bara bangon ya tsage. Aka turo injiniya, ya ce a shafe da siminti, kwana uku an gama. Baba ya ce atafau.

"Ranka ya daɗe, da farar ƙasa da yashi aka ɗora bulon nan. Bangon yana numfashi. In ka rufe shi da siminti, damshi zai rasa hanyar fita, ya ci shi ta ciki."

"Baba, zamani ya wuce nan."

"To zamani ya zo ya kwana a ɗakin Goggo mu gani."

Goggo ita ce tsohuwar da ke benen dama, gadonta a jikin bangon yake. An riga an ce in bangon bai gyaru ba kafin damina, za a fitar da ita a rufe gidajen.

Baba ya ja injiniya bayan matakala, inda wani ya taɓa liƙa siminti tun da daɗewa, ya ɓamɓare da guduma. Bulon da ke ƙarƙashi ya zubo kamar gari. Ganin haka, injiniya ya ba shi wata biyu ya gyara yadda ya ce.

Da idona na gan shi, mai shekara saba'in a kan tsani, gwiwa ɗaure da tsumma, yana cusa kwaɓin farar ƙasa da yashi layi-layi. Farar ƙasa ta cinye masa fatar yatsu, bai fasa ba. Damina ta zo ta wuce, Goggo tana ɗakinta.

Watan nan zai ajiye aiki. Baba, kai ne ka tsaya ranar da mu masu baki muka yi gum, kuma wallahi har yanzu ina jin kunyar hakan. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma maginan yanzu, Baba ya ce duk mai son koyon kwaɓin nan ya zo kafin hannunsa ya fara rawa. Har yau mutum biyu kaɗai suka je. Sauran me kuke jira?