Almakashin Mai Rumbu

A hawa na biyu, saman wani shagon tayoyi, akwai kamfanin da ke gina wa mutane shafukan intanet. A cikinsa akwai tebur guda kusa da taga wanda ba a matsar ba shekara takwas, na Mai Rumbu. Ana ce masa haka ne domin shi ke riƙe da rumbun kamfanin, wato manhajar da ake zuba duk wani rubutu da hoto a cikinta, shafukan su riƙa ɗiba daga can suna nuna wa jama'a. Masu gina shafi uku ne a ofishin, amma ko tari rumbun ya yi, shi ake juyowa a kalla.

Siririn mutum ne mai shekara arba'in da shida, da tabarau ɗaure da zare ta kunne guda. Da buga wa mutane wasiƙu ya fara a wani shagon kwamfuta, a can ya gane cewa yawancin jama'a ba sa sanin inda maganarsu ta ƙare. Daga baya ya koya wa kansa gina shafi, ya auri ƙanwar mai kamfanin, aka ba shi tebur. Shi yana cewa aikin ya riga auren. Matarsa tana cewa ya sake duba kalanda.

Mai kamfanin, wanda kowa ke kira Shugaba, ƙaton mutum ne mai murya. Duk Litinin yakan rubuta "Saƙon Shugaba" a sa a shafin kamfani. Shafi huɗu yake cikawa. Yakan faro daga ƙuruciyarsa, ya bi ta tsadar tayoyi da lalacewar matasa, abin da ya kawo shi maganar kuwa sai can ƙasan shafi na uku.

A makon farko Mai Rumbu ya cire sakin layi guda, don rubutun ya ƙi zama a gurbinsa. Ba wanda ya tanka. Mako na gaba ya cire biyu. Kafin shekara ta zagayo, saƙon ya koma layi goma. Shugaba ba ya buɗe shafin, yana cewa me zai karanta a abin da shi ya rubuta. Mutane suka fara tare shi suna yaba masa iya taƙaita zance. Har ya shiga yi wa ma'aikata nasiha a taro cewa su koyi gajarta magana irin tasa, nasihar da takan ci minti arba'in. Mai Rumbu yakan saurara yana kurɓar shayi.

Matarsa kaɗai ta sani. Ta gaya masa tun da mahaifinsu ya rasu ba a sami wanda ya katse Yaya ba, kuma ranar da asiri ya tonu, shi zai sauko da teburinsa a ka, ita kuma ta rasa fuskar shiga gidansu.

Sai ga sabuwar sigar manhajar ta fito. Injiniya, abokiyar aikinsa mai zama a teburin da ke fuskantar nasa, ita ta kawo labarin. Tsohuwar sigar tana ajiye duk abin da aka goge, amma ba ta nuna wa kowa. Sabuwar kuwa tana baje tarihin kowane rubutu, wa ya taɓa, yaushe, me ya cire, sannan ta aika wa marubucin imel.

Mai Rumbu yana da ƙa'ida: ba ya ɗora sabuwar siga sai ta yi wata shida wasu suna faɗawa ramukanta. Wannan karon masu manhajar sun ce za su daina toshe ɓarakar tsohuwar, don haka ba wurin tsayawa. Ya karanta takardar bayanin, shafi tara, bai tsallake layi ba. Ya ga batun imel, ya kuma ga akwai maɓallin kashe shi, sai hankalinsa ya kwanta. Zai gwada a kwafin gwaji tukuna kamar yadda aka saba, in ya zo kan rumbu na ainihi ya kashe maɓallin, shi ke nan.

Abin da ya manta shi ne, da ya kwafi rumbun don gwaji, ya kwafe shi ne ɗungurungum, har da adireshin imel na mutane na gaske.

Ranar Laraba da ƙarfe sha ɗaya na safe ya danna. Sabuwar siga, da yake ba ta da ƙiwa, ta bi tarihin shekara takwas mako-mako, tana aika sanarwar kowane gyara. Saƙo ɗari huɗu da uku.

A lokacin Shugaba yana ɗakinsa da baƙi, masu wata makaranta da ke son shafi. Wayarsa na kan teburin gilashi. Ta fara ɓari, ta ci gaba da ɓari, tana tafiya da kanta har bakin tebur. Ta bango ake jin ƙarar. Injiniya ta ɗago kai ta tambayi Mai Rumbu a hankali ko ya cire adireshin mutane daga kwafin. Ya cire tabarau ya shiga goge shi da gefen riga, abin da bai yi ba tun bara.

Da baƙi suka tafi, Shugaba ya fito da waya a hannu. A fuskarta abin da aka goge ja ne, abin da aka bari baƙi. Baƙin sai an nema.

"Mijin ƙanwata, wannan jan fa? Kamar an yanka kaza a kan rubutuna."

"Gyara ne, Yaya. Ɗan datsewa."

"Shekara takwas kana aske ni ban sani ba?"

Mai Rumbu ya ce gurbin ne ƙarami. Shugaba ya ce to a faɗaɗa gurbin. Ya ba da umarni a mayar da saƙon wannan makon yadda ya rubuta shi, ko wasali kar ya ɓace, ranar Juma'a kuma za a yi maganar teburin nan. Na ukun masu gina shafin, wanda ba ya shiga abin da ba nasa ba, ya sa abin jin sauti a kunne ba tare da ya kunna komai ba.

Aka mayar. Shafi huɗu cif.

Da la'asar matar Mai Rumbu ta ji labari. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye shi kawai ko har yanzu yana iya buga wasiƙu.

Ranar Alhamis waya ta sake damun Shugaba, wannan karon mutane ne. Wani tsohon abokinsa ya kira yana tambaya ko lafiya, ko hawan jinin ne ya tashi. Masu makarantar suka tambaya ko ɓarayin intanet ne suka shiga shafin, don in haka ne za su sake tunani. Sai matar Shugaba, wadda ta karanta har ƙarshe, ta tarar a shafi na uku mijinta ya bayyana wa duniya cewa yana son ofis ne domin nan ne kaɗai ake barinsa ya gama magana. Irin wannan layin Mai Rumbu ya cire shi sau talatin da ɗaya, kuma duk suna nan cikin tarihi da jan rubutu. Abin da aka yi a gidan Shugaba ranar ba a sani ba. An dai ga ya zo Juma'a da rigar da ba a goge ba.

Shugaba ya tsaya a gaban teburin Mai Rumbu yana kallon titi ta taga. Mai Rumbu ya riga ya kwashe kofinsa da hoton yaransa ya sa a leda.

"Abin nan mai turo saƙo, ana iya kashe shi?"

"Ana iyawa, Yaya. Maɓalli ɗaya ne."

"Kashe shi. Ba na son ganin ja a wayata."

Mai Rumbu ya kashe. Shugaba ya zaro takardu daga aljihu ya ajiye, saƙon Litinin mai zuwa, shafi biyar. Ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, kar a kuskura a taɓa masa ko kalma. Ya kai bakin ƙofa ya juyo, ya rage murya, ya ce ya lura gurbin nan ba ya son a faɗaɗa shi, a mayar da shi yadda yake.

Da ya fita, Injiniya ta tuna wa Mai Rumbu cewa imel kawai aka kashe, tarihin yana nan ga duk wanda ya buɗe. Ya ce ya sani, kuma ya san wanda ba zai buɗe ba. Ya fito da kofin daga leda ya mayar wurinsa.

Ranar Litinin saƙon ya fito layi goma sha ɗaya. Mai Rumbu ya ce ya ƙara ɗayan ne don girmama na gaba.