Kwalbar Baba Mai Awo

Baba Mai Awo ake ce masa, ko da yake bai taɓa auna wa kowa hatsi ba. Ruwan rafi yake aunawa. Tun yana da baƙin gashi ofishin ruwa ya ɗauke shi aiki. Kullum da safe zai duba sandar da aka kafa cikin rafin ya ga inda ruwa ya kai, ya cika kwalba, ya kai ɗakin gwaji.

A kan wani faffaɗan dutse yake tsugunawa ya ɗiba, don nan aka nuna masa ranar farko. Mutum ne mai biyayya, bawan Allah, ko taku ɗaya bai taɓa gusawa ba.

Sai ci gaba ya zo. Aka sare itatuwa, aka jera manyan gidaje, aka gina masana'antar fenti, aka zuro ƙaton bututunta cikin rafin, ɗan ƙasa kaɗan da dutsen Baba. Kai, wanda ya zaɓi wurin nan Allah ya yi masa basira! Sama da bututu ruwa garau, ƙasa da shi kuwa yau shuɗi gobe ja. Gidan Baba kuwa a can ƙasa da bututun yake, can ake cika randarsu. Ofis har lambar yabo ya ba shi ta rafi mafi tsabta, tana rataye a falo.

"Malam, ruwan nan fa wari yake yi," in ji matarsa.

"Hancinki ya fi injin gwaji ne?"

Sai gudawa ta kama jikarsa, 'yar lelensa, ta rame ta zama sai idanu. Likita ya ce, "Baba, wane ruwa kuke sha?"

"Ingantacce," in ji Baba. "Ni nake auna shi."

Tsoro ya kama shi sosai. Washegari ya wuce dutsensa a sace kamar ɓarawo, ya cika kwalbar a bakin bututun.

Shugaban ɗakin gwaji ya ɗaga ta, ya yatsine fuska. "Haba Baba! Shekara da shekaru ruwanka lafiya lau, sai yau? Kwalbar ce ba ka wanke ba." Ya zubar da ruwan, ya ba shi sabulu, kyauta ma kuwa.

Baba ya kawo sabulun gida. Matarsa ta wanke kofin yarinyar da shi tas, ta cika shi daga randa, ta miƙa mata.